Kujeru 34, babu kallabi ko ɗaya: ina 'yar Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa a majalisar Katsina?

Ranar zaɓe, a harabar makarantar firamare ta garinmu, layi biyu ake yi. Na maza da hayaniya yake farawa, ana gardama, wani ya fita ya dawo, wani ya tafi ke nan. Na mata kuwa tun hantsi bai ɗaga ba yake miƙewa har bakin katanga, kuma ba ya watsewa. Za ka ga mai goyo ta ƙulle katinta a bakin zane, tsohuwa ta zauna a kan takalminta tana jiran a matsa gaba, amarya da lallenta bai gama fita ba tana tambayar inda za ta dangwala. Rana ta take, ba mai motsawa. 'Yan siyasa sun san haka sarai. Shi ya sa idan ana lissafin akwatuna a daren jajibiri, abin da ake fara tambaya shi ne ko matan unguwa kaza suna tare da mu.

Da an gama ƙirga an rantsar da waɗanda suka ci, sai layin nan ya ɓace kamar ba a yi shi ba. Majalisar Dokokin Jihar Katsina tana da kujeru 34, daidai da yawan ƙananan hukumomin jihar, kuma a zaɓen 2023 maza ne suka cinye su duka. Ƙanƙara namiji, Faskari namiji, Sabuwa namiji, haka abin yake har Daura da Jibiya. Kujeru 15 da jihar take da su a Majalisar Wakilai da kujerun sanata uku, su ma babu mace a kai. Abin da ke nufi, kwamitin da ke duba harkokin mata a majalisar jiha, dole namiji ne zai shugabance shi, maza ne kuma za su cika shi.

Maƙwabtanmu ba su fi mu ba. Majalisun Kano, Jigawa, Zamfara, Sakkwato da Kebbi duk sun fito daga zaɓen 2023 babu mace ko ɗaya. A Arewa maso Yamma Kaduna ce kawai ta fita kunya. A ƙasar baki ɗaya, cikin kujerun majalisun jihohi da suka kusa dubu, matan da suka ci ba su kai hamsin ba. Ekiti ta tura shida, Kwara biyar, cikinsu har da Rukayat Shittu, 'yar shekara 26 daga ƙaramar hukumar Asa. Da gangan na kawo Kwara, domin jiha ce mai yawan Musulmi, mai sarki da hakimai irin namu, kuma a lissafin siyasa cikin Arewa ake sa ta. Duk wannan kuwa yana faruwa ne a ƙasar da rajistar INEC ta nuna cewa mata su ne kashi 47 da ɗoriya cikin ɗari na masu zaɓe miliyan 93.

Doka ba ta hana ba. Sashe na 106 na tsarin mulkin 1999 sharuɗɗa huɗu ya gindaya wa mai son zama ɗan majalisar jiha: ya zama ɗan Najeriya, ya kai shekara 25 (da 30 ne, sai a Mayun 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu aka rage), ya yi karatu zuwa matakin sakandare, sannan ya zama ɗan wata jam'iyya kuma ita ce ta tsayar da shi. Malamar firamare a Daudawa, ungozoma a asibitin Ƙanƙara, mai sayar da hatsi da ta gama sakandare a Sabuwa, duk sun cika ukun farko. A na huɗun ne ake tare hanya, kuma can zan fi daɗewa. Amma kafin nan ya kamata a tuna cewa ita kanta ƙuri'ar macen Arewa ba tsohuwa ba ce.

A 1961 Margaret Ekpo ta ci zaɓe daga Aba ta shiga majalisar Jihar Gabas. A wannan lokacin macen Arewa ko ƙuri'a ba ta da ita, domin jam'iyyar NPC mai mulki ta ƙi. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, ƙarƙashin soja, matanmu suka fara jefa ƙuri'a, tsarin mulkin 1979 ya zo ya tabbatar musu da ita. Tsohuwar nan da ke zaune a kan takalminta, idan ta haura saba'in, to da aurenta da 'ya'yanta aka fara yarda ta zaɓi wani. Kuma ba kyauta aka ba ta ba. Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933, ta shiga NEPU tana 'yar shekara 17 a Zariya, ta riƙe ɓangaren mata, ta bi gida-gida tana yi wa matan kulle bayani. An ɗaure ta sau goma sha shida, an yi mata duka, an kore ta daga Kano. Ta rasu a 2001 ba ta taɓa zama a kujerar majalisa ba. Yau akwai asibiti da sunanta a Zariya, muna kuma yabonta a taruka, amma abin da ta sha wuya a kansa rabinsa kawai aka samu: an yarda mace ta zaɓa, ba a saba da a zaɓe ta ba.

Ina da gwaggo da ta yi shekaru tana riƙe da muƙamin shugabar mata ta jam'iyya a mazaɓarsu. Ta san kowane gida. Ta san matar da mijinta ke hana ta fita, ta san wadda za a aika wa don ta lallashe shi, ta san gidan da aka yi haihuwa da wanda aka yi rasuwa. Idan ɗan takara zai zo, ita ke tara mata, ita ke raba atamfa da sabulu da taliya, ita ke shan zagi idan kayan ba su isa ba. Wata rana ina zaune a tsakar gidanta tana ƙirga turamen atamfa a kan tabarma, na ce, “Gwaggo, ke da kika fi su sanin mutane, me ya hana ki tsayawa ko da kansila ne?” Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, “Ɗan nan, ai ba a rumfar zaɓe ake yin kansila ba. A falon wani ake yin sa, da daddare, ni kuwa a lokacin ina gida.”

Babu wani bayani da na karanta da ya fi wannan daidai. A jihar da jam'iyya ɗaya ke lashe kusan komai, zaɓen gaskiya shi ne na fid da gwani, wanda ya samu tikiti ya gama rabin aiki. A zaɓen ƙananan hukumomi na Fabrairun 2025, APC ce ta ɗauke shugabanni 34 da kansiloli 361 gaba ɗaya. Shi kuwa tikiti, a zaɓukan da suka gabata, a hannun daliget yake, su kuma daliget a hannun wanda ya rubuta sunayensu suke. Sau da yawa ma ba a kaiwa ga ƙuri'a. Sai a ce an yi maslaha, manya sun zauna, an roƙi wane da wane su janye. Wannan zama a gidan gwamnati ake yin sa, ko a masaukin wani babba a Katsina ko Kaduna ko Abuja, bayan sallar isha'i har tsakar dare. Matar aure daga Faskari da za ta kwana a irin wannan zaure tana jiran a kira sunanta, kafin gari ya waye labarinta ya riga ta isa gida. Wadda ba ta je ba kuma, ba a san da ita ba.

Jam'iyyu suna alfahari da cewa sun yafe wa mata kuɗin fom. Gaskiya ne. A 2022 fom ɗin APC na majalisar jiha naira miliyan biyu ne, mata kuma kuɗin nuna sha'awa kawai aka ce su biya. Amma fom shi ne mafi arha a cikin tafiyar. Dokar zaɓe ta 2022 ta yarda ɗan takarar majalisar jiha ya kashe har naira miliyan 30, kuma wanda ya taɓa shiga ciki ya san ana wuce nan. Akwai kuɗin daliget, akwai na mota da mai, akwai na wakilan akwati, akwai gaisuwar mutuwa da ta suna da ba a zuwa hannu rabbana, akwai matasan da za su raka ka don kada ƙauraye su tarwatsa maka taro. Namiji yana sayar da gona ko ya samu ubangida ɗan kwangila. Mace a ƙauyukanmu, gadonta na gona sau da yawa yana hannun 'yan'uwanta maza suna nomawa, jarinta kuwa awaki ne da adashi. Idan kuma ta samu ubangidan da zai ɗauki nauyinta, ba a ce mata mai sa'a. Wani suna ake ba ta. Har ma wasu shugabannin jam'iyya suna juya rangwamen ya zama makami: ranar maslaha sai a ce ai ke ba ki sa kuɗi ba, ki bar wa wanda ya saya da guminsa.

Sai maganar asali, wadda a ganina ita ce aka fi yin shiru a kanta alhali tana cikin waɗanda suka fi cutarwa. A al'adarmu mace ce ke tashi. An haife ta a Sabuwa, an kai ta ɗaki a Dandume ko Funtuwa ko Giwa, ta yi shekara ashirin a can, ta haifi 'ya'ya, ta aurar da wasu. Ranar da ta ce za ta tsaya takara a garin mijinta, sai a tuna mata cewa ita baƙuwa ce, takardar shaidar asalinta ta wata ƙaramar hukuma ce. Ta koma garin ubanta, a ce ai ke kin yi aure kin tafi, me kika sani na halin da muke ciki? Namiji bai san wannan ba. Yana iya shekara talatin a Kaduna ko Legas, ya dawo wata shida kafin zaɓe ya gyara gidan ubansa, a kira shi ɗan ƙasa. Sashe na 106 bai ce sai ɗan asalin wuri ba, amma a zauren jam'iyya wannan doka da ba a rubuta ba ta fi rubutacciyar ƙarfi.

Abin ya kai har kotuna. A 2012 an jinkirta rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a Kotun Ɗaukaka Ƙara saboda an ce asalinta Anambra ne, ga shi ta zo a gurbin Abiya, jihar mijinta inda ta yi shekaru tana aiki. Cikin ƙudurori biyar na mata da Majalisar Tarayya ta yi watsi da su ranar 1 ga Maris 2022 akwai wanda zai ba matar aure damar zama 'yar jihar mijinta bayan shekara biyar da aure. Mata sun yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisar a Abuja. Da wannan ma'aunin na asali za a auna Gambo Sawaba, mahaifinta daga Gana ya zo, mahaifiyarta Banufiya ce, da an ce mata ba ta da bakin magana a Zariya. Binta Masi Garba tana cikin 'yan kaɗan da suka tsallake wannan shinge ta gaba da ta baya: ta wakilci Kaduna ta Kudu a Majalisar Wakilai daga 1999 zuwa 2007, ta koma gida ta wakilci Madagali da Michika har 2011, sannan ta zama sanatar Adamawa ta Arewa a 2015. Ana ba da labarinta ne saboda ba kasafai ake samun irinsa ba.

Katsina ba ta rasa matan da suka gwada ba. Bakori, wadda take maƙwabtaka da Faskari da Ƙanƙara, ta taɓa samun mace shugabar ƙaramar hukuma, Hajiya Mariya Abdullahi, kuma gari bai tashi ba. A 2011 Hadiza Bala Usman ta nemi kujerar Musawa da Matazu ta Majalisar Wakilai a jam'iyyar CPC, ba ta samu ba. Bayan shekara biyar aka damƙa mata Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Najeriya gaba ɗaya, ta riƙe ta daga 2016 zuwa 2021. A 2023 Hannatu Musa Musawa ta zama minista. Gwamnonin jihar kuma suna naɗa mata kwamishinoni da manyan sakatarori. To wadda aka yarda ta kula da tashar Apapa, ta yaya za a ce ba za ta iya wakiltar ƙananan hukumomi biyu ba? Amsar ita ce naɗi ba ya ɗauke wa kowa kujera a mazaɓa, kuma wanda ya naɗa shi ke saukewa. Kwamishina ba ta iya tashi a zauren majalisa ta ce ba ta yarda da kasafin kuɗi ba. 'Yar majalisa tana iyawa, domin mutanenta ne suka turo ta, wa'adinta kuma shekara huɗu ne ko gwamna ya so ko bai so ba.

Ba zan kauce wa maganar addini ba, domin a Faskari ko Ƙanƙara ita ce farkon abin da za a faɗa wa mai son tsayawa, kuma mafi yawan masu faɗar da gaske suke, ba fakewa suke yi ba. Hujjarsu hadisin Abu Bakra ne da ke cikin Bukhari, wanda aka faɗa lokacin da labari ya zo cewa Farisawa sun naɗa 'yar Kisra sarauta. Babu mai musun ingancinsa a cikin malamanmu. Inda suka saɓa shi ne faɗinsa. Da yawa sun tsayar da shi a kan shugabancin ƙoli na al'umma. Imam Abu Hanifa ya yarda mace ta yi alƙalanci a abubuwan da shaidarta ke karɓuwa, an kuma ruwaito cewa Ɗabari ya yarda ba tare da wannan iyaka ba. Malikiyya, mazhabarmu, ta fi tsauri a kan alƙalanci, wannan gaskiya ne. Amma ɗan majalisar jiha ba sarki ba ne, ba alƙali ba ne, ba liman ba ne. Wakili ne, mutum ɗaya cikin 34, aikinsa ya kai kuka, ya ba da shawara, ya bi diddigin kuɗin jama'a. Shawarar Ummu Salama ce ta warware wa Musulmi damuwar ranar Hudaibiyya. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa malamai mata da ake kira jaji ta tura su ƙauyuka suna karantar da mata, 'yan'uwanta masu mulki kuma suna jin maganarta. Saudiyya ma tun 2013 ta sa mata 30 cikin mutum 150 na Majalisar Shura. Abin da nake roƙon malamanmu shi ne su yi wa mutane wannan bayani dalla-dalla a kan mumbari, da saɓanin da ke ciki, kada a bar hadisi a hannun ɗan takarar da bai tuna da shi ba sai da ya ga mace ta sayi fom.

Wani zai ce, a yankin da mutane ba sa barci da ido biyu, wa yake ta kujerar mata? Ni kuwa a ganina rashin tsaron ne ya sa maganar ta zama ta gaggawa. A daren 11 ga Disamban 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara suka kwashe ɗalibai, aka sako 344 bayan kusan mako guda. Hotunan da duniya ta gani a kwanakin nan na iyaye mata ne, zaune a harabar makaranta, sun ƙi tafiya gida. A watan Yunin shekarar an yi kisan Kadisau a Faskari. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka rufe wasu kasuwannin dabbobi, aka hana sayar da mai a jarka. A Fabrairun 2024 aka tare motar 'yan rakiyar amarya a yankin Damari na Sabuwa aka tafi da mutane da dama, akasarinsu mata. A Yunin 2024 aka afka wa 'Yargoje a Ƙanƙara.

Bayan kowane hari akwai rayuwar da ba ta shiga labarai. Akwai matar da ke takaba a ɗakin aro a Funtuwa da yara biyar. Akwai wadda aka karɓo daga daji bayan an biya kuɗin fansa, ta dawo da abin da ba za ta iya faɗa wa mijinta ba, balle ɗan majalisa. Akwai mai naƙuda da dare a ƙauyen da ma'aikaciyar asibiti ta gudu, hanya kuma ba ta biyuwa sai gari ya waye. Akwai yarinyar da aka cire daga makarantar kwana saboda tsoro, aka yi mata aure don a huta da fargaba. Lokacin da aka katse waya, mai ƙuli-ƙuli da mai man gyaɗa da ke aika kaya birni ta hannun direba sun rasa ciniki, ba wanda ya lissafa asararsu. Ban ce 'yan majalisarmu maza ba su damu ba. Da yawansu an kashe musu 'yan'uwa, wasu an sace musu iyali, sun kuma tashi a zaure sun yi magana. Amma ɗan majalisa idan ya je jaje, a ƙofar gida ake shimfiɗa masa tabarma, maza ne ke ba shi labari. Cikin gida ba ya shiguwa gare shi, kuma daidai ne a al'adarmu da addininmu kada ya shiga. To wa zai shiga? Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, haka muke faɗa kullum. Kullen da ake kafa hujja da shi don hana mace takara, shi ne babbar hujjar cewa ana bukatar mace a majalisa, domin rabin mazaɓar yana bayan labulen da namiji ba zai ɗaga ba.

Majalisar nan kuwa ita ce ke amincewa da kasafin kuɗin jiha, ita ke tantance kwamishinoni, ita ke da ikon kiran ma'aikatar lafiya ta tambaye ta ungozoma nawa aka tura Sabuwa. Ita ta zartar da dokar kare yara da Gwamna Masari ya sa wa hannu a 2020, da dokar hana cin zarafin mutane da Gwamna Dikko Raɗɗa ya sa wa hannu a ƙarshen 2023. Dokoki ne masu kyau, amma doka ba ta aiki sai da kuɗi da mai bibiya. Haka zaman sulhun da aka riƙa yi da 'yan bindiga a 2025 a wasu ƙananan hukumomi, har da Faskari: duba hotunan, hakimai ne da shugabannin ƙananan hukumomi da masu ɗauke da makamai. Waɗanda aka fi zalunta ba a tambaye su sharaɗin da za su iya rayuwa da shi ba.

Ba sai mun je Ruwanda neman misali ba, ko da yake can mata sun haura kashi 60 cikin ɗari na majalisa. Mu leƙa bayan Jibiya kawai. A zaɓen 1999 na Jamhuriyar Nijar, mace ɗaya ce ta shiga majalisar dokoki mai kujeru 83. A shekarar 2000 suka yi dokar kaso, wadda ta tilasta wa jam'iyyu ba kowane jinsi aƙalla kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe. A 2004 mata suka zama 14 cikin 113. Aka ɗaga kason zuwa 15 a 2014, zuwa 25 a 2019, kuma majalisar da juyin mulkin Yulin 2023 ya rushe, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu nata mata ne. Maraɗi da Damagaram da Tawa Hausawa ne irinmu, Malikawa irinmu, aurenmu ɗaya, kullenmu ɗaya. Matan da aka ce babu su sun fito da zarar doka ta sa jam'iyyu neman su. Gaskiya ne tsarin zaɓensu na jerin sunaye ne, ya fi sauƙin sa kaso a kan namu na kujera ɗaya mutum ɗaya. Amma ya ƙaryata cewa al'adar Bahaushe ce ba ta ɗaukar abin.

A nan gida, ƙudurin da Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai Benjamin Kalu ya jagoranta ya nemi a ƙara kujeru na mata zalla: ɗaya a Majalisar Dattawa da ɗaya a ta Wakilai ga kowace jiha da Abuja, da uku a kowace majalisar jiha, wato ɗaya daga kowace shiyyar sanata. Ina goyon bayansa, amma ina da damuwa biyu. Ta farko, shiyyar Funtuwa ƙananan hukumomi 11 ce, daga Matazu da Musawa har Sabuwa da Dandume. Namiji zai yi yawon neman ƙuri'a a ƙaramar hukuma ɗaya, mace kuma a goma sha ɗaya, a kan hanyoyin da wasunsu ba a bin su bayan la'asar, don kujera mai daraja ɗaya da tasa. Wace mace ce ke da wannan kuɗin? Daga nan damuwa ta biyu ta fito: idan ba a yi hattara ba kujerun za su zama rabon matan manya da 'ya'yansu mazauna Abuja, a zauna a falon nan dai da daddare a rubuta sunayensu. Irin su gwaggona za a sake kiran su ne su raba atamfa. Duk da haka kujeru uku sun fi babu. Yarinyar da ta taso ta ga mace tana magana a zauren majalisar Katsina ba za ta ɗauki abin a matsayin na wasu mutane ba.

Akwai misalin da ke ƙarfafa mini gwiwa daga nesa. A Ostireliya, 'yan asalin ƙasar da Turawa suka tarar ba su samu cikakkiyar ƙuri'ar tarayya ba sai 1962. A 2001 Carol Martin ta ci kujerar Kimberley a majalisar jihar Ostireliya ta Yamma, ta zama mace ta farko cikinsu da ta shiga wata majalisar dokoki a ƙasar. Yanki ne mai faɗi, mai nisa da babban birni, mai talauci a garuruwan 'yan asali. Ta yi shekara goma sha biyu. Da ta sauka a 2013 Josie Farrer ce ta gaje ta, a 2021 kuma Divina D'Anna, dukansu mata 'yan asali. Ba a keɓe kujerar da doka ba. Jam'iyyarsu ce ta tsayar da ta farko a inda za ta iya ci, masu zaɓe suka gani da idonsu, daga nan abin ya daina zama baƙo. Ko a Najeriya, Binuwai ta zaɓi Margaret Icheen shugabar majalisar jiha tun 1999.

Wannan ɓangaren ba ya jiran gyaran tsarin mulki. Gwamna da shugabannin jam'iyya da ke iya cewa wane ya janye wa wane, suna iya cewa a wannan karon kujera kaza mace za a tsayar, kuma 'yar cikin gari, wadda ta zauna da mutane a lokacin wuya. Suna iya mayar da zaman maslaha da rana a ofishin jam'iyya. Suna iya rubutawa cewa matar aure tana da damar tsayawa a garin ubanta ko na mijinta, duk wanda ta zaɓa. Mataki mafi kusa shi ne kansila, inda mazaɓa 'yar ƙarama ce, kowa ya san kowa, kuɗin kuma bai kai na majalisa ba. Daga kujeru 361 ne za a samu waɗanda za su iya neman 34 nan gaba. Mazaje da iyaye da yayye su ma da nasu aikin, domin babu macen da za ta fito a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ba tare da wani namiji na gidansu ya tsaya a bayanta ya tare mata bakin mutane ba. Wanda ya yarda matarsa ta yi awa biyar a layi don ta zaɓi wani, ya kamata ya iya jure ganin hotonta a jikin takardar zaɓe.

Gyaran tsarin mulki kuwa, bisa sashe na 9, ba ya tabbata sai ya samu kashi biyu cikin uku a majalisun tarayya biyu, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince. Duk ranar da ƙudurin kujerun mata, wannan ko wani irinsa, ya tsallake Abuja, zai zo Katsina, a ajiye shi gaban mutum 34. Uku daga cikinsu ƙuri'un Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ne suka kai su. Matan da suka tsaya a layi suka zaɓe su suna da haƙƙin su aika a tambaye su tun yanzu: ranka ya daɗe, idan ya zo, hannu za ka ɗaga ko ƙasa za ka duba?